Ewan McGregor da babur ɗinsa: amsa ga masu cewa yawon 'yan gata ne

Zare ne, kuma mai tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. 🧵

Duk lokacin da aka ambaci Long Way Round, shirin da Ewan McGregor ya zaga duniya a kan babur, sai wani ya ɓullo da maganar nan: "Ai yawon 'yan gata ne. Bature mai kuɗi, motoci na binsa a baya, har da likita. Ɗan acaba ya fi shi shan wuya." Na gaji da jin ta. Yau za mu zauna a kanta.

Tun yanzu in faɗa kar wani ya ce na ɓoye: ni masoyin mutumin nan ne na gaske. Kuma ba takobin hasken Star Wars ne ya saye ni ba. Shirin babur ɗin nan ne.

Ga waɗanda ba su san shi ba: ɗan Sikotilan ne, haihuwar 1971. Shi ne Obi-Wan Kenobi a finafinan Star Wars da aka fara fitarwa a 1999. Kafin nan ya yi Trainspotting a 1996, bayan nan Moulin Rouge a 2001. Wato a 2004 tauraronsa na tsakiyar sama. Lokacin da jarumi ke karɓar fim a kan fim kenan, don ba a san gobe ba.

A wannan lokacin ne ya ajiye komai. Ranar 14 ga Afrilu 2004 shi da abokinsa Charley Boorman suka tashi daga Landan, suka nufi gabas. Ba su isa New York ba sai 29 ga Yuli. Wata uku da rabi, kilomita kusan dubu 31. Faransa, Beljiyam, Jamus, Cek, Sulobakiya, Yukiren, Rasha, Kazakistan, Mongoliya, Saberiya, sai jirgin sama zuwa Alaska, Kanada, Amurka.

To, mu fara da motocin da kuke ta maimaitawa. E, akwai su. Akwai furodusoshi biyu, Russ Malkin da David Alexanian. Akwai likita ɗan Rasha da ya bi su a wani sashe na tafiyar. Akwai wayar setilayit. Duk gaskiya ne.

Amma tambayata ɗaya: a ina kuka san haka? Binciken ƙwaƙƙwafi kuka yi? A'a. Shirin ne da kansa ya nuna muku. Ya nuna ofishin da aka yi shiri, ya nuna motocin, ya nuna fuskokin mutanen ciki da sunayensu. Kun kama mutum da abin da ya ɗora a kan tebur da hannunsa, kuna ihu wai kun gano asiri. Haba malam.

Wanda ke son yaudararku ai ɓoye ma'aikatansa yake yi. Mun sha ganin irin shirin da mutum zai tsaya a tsakiyar daji yana haki, wai shi kaɗai ne, alhali mutum goma na bayan kamara da kular abinci. Wancan ne ya kamata ku yi wa dariya.

Kuma motocin ba manne suke da su ba. Tsarin shi ne a haɗu a kan iyaka saboda takardu da kaset ɗin ɗauka, sannan kowa ya kama gabansa. Kwana da kwanaki babura uku ne kawai a hanya: Ewan, Charley, da mai ɗaukar hoto Claudio von Planta. A Mongoliya ma ɗaya daga cikin motocin ce ta wuntsila da furodusa da likitan a ciki. Masu ceton ne aka koma ceta.

Af, shi Claudio, ana dab da tashi aka gano lasisinsa na babur ba zai yi aiki ba, ya je jarrabawa ya faɗi. Sai a Furag ya cim musu. Wannan ma ba su yanke ba. Kamfanin KTM kuma, wanda Charley ya ƙwallafa rai a kan baburansa, ya janye saboda yana shakkar za su kai. BMW ce ta ba su. Jarumin Star Wars guda, kamfani ya dube shi ya ce a'a, kuma ya bari kowa ya gani.

Yanzu ku saurari nauyin abin. BMW R1150GS Adventure kusan kilo 250 yake tun ba a ɗora masa jaka ko ɗaya ba. Ninki biyu na Boxer ɗin da kuka sani. Ƙara tanti, kayan gyara, abinci, kamara. Idan ya faɗi a laka, mutum ɗaya ba ya ta da shi cikin daɗi. Kuma a Mongoliya faɗuwa suka yi ta yi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba.

Mongoliya ita ce zuciyar shirin, don haka ku bar ni in daɗe a nan.

Ƙasa ce mai faɗin gaske, kwalta kuma a wancan lokacin 'yar kaɗan. Sawun taya ne a cikin ciyawa, ya rabu gida biyu, ya rabu gida huɗu, babu allo babu mai nuni. Ga fadama, ga duwatsu, ga rafuka. Akwai ranar da tun safe har yamma abin da suka ci na hanya bai kai abin da za ka yi a rabin awa a kan titi mai kyau ba.

A nan ne za ka ga abin da kuɗi ba ya saye. Fuskar Ewan ta yi baƙi da ƙura, gemu ya cika, ido ya faɗa. Yana magana da 'yar kamararsa cikin tanti da dare, murya na rawa, yana kewar matarsa da 'ya'yansa. Babu mai kwalliya, babu wanda zai ce a sake ɗauka.

Har suka kai ga shawarar su bar Mongoliya kwata-kwata, su karkata arewa su shiga Rasha inda akwai kwalta. Suka buɗe taswira suna lissafi a gaban kamara. Wallahi wannan wurin ya fi min duk wani faɗa da ya taɓa yi a fim. Mutum ne ya gaji, yana neman ƙofar gudu, kuma ga ƙofar a buɗe. Daga baya suka ce a'a, a ci gaba.

Jarumin da aka saba nunawa ba ya tsoro, ga shi yana son ya gudu. Kuma shi ne mai shirin. Da ya ce a cire wurin, cirewa za a yi. Ya bari.

Babur ɗin Claudio ya karye a wani wuri. Aka samu mai walda ya liƙa, wutar waldar kuma ta lalata na'urar burkin. BMW mai tsadar gaske ya zama kaya. Me suka yi? Suka sayi wani jan babur ƙirar Rasha, mai arha, irin wanda makiyayan wurin ke hawa, suka sa masa suna Red Devil.

Abin dariyar shi ne, a cikin laka jan babur ɗin nan ya fi BMW ɗin sauƙin sarrafawa saboda ba shi da nauyi. Kuma duk lokacin da ya mutu, sai wasu mutane su ɓullo daga inda ba ka zata ba, su tsuguna, su kwance, su ɗaura, ya tashi. Ba su jin Turanci, ba su san waye Obi-Wan ba, ba ruwansu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wajen bakaniken bakin hanya ya san irin mutanen nan.

Wannan shi ne abin da masu sukar ba su gani ba, don ba su kalla ba. A cikin Long Way Round, kusan duk lokacin da aka shiga uku, talakan wurin ne ke fitar da su. Mai walda, makiyayi, direban babbar mota. Baturen mai kuɗi shi ne mai roƙo, shi ne mai godiya, shi ne wanda bai iya ba.

Sai ku ce min wannan ne shirin da ya raina talaka?

Akwai daren da wani iyali ya karɓe su a cikin tantinsu na makiyaya, aka kawo tukunya cike da marainan dabbobi. Ewan ya daure ya haɗiye, Charley ya gwada cikinsa ya ƙi. Mu da muke cin abin nan a wajen mai tsire ba sai an ba mu labari ba 😂 Amma ku lura da yadda suka zauna: ba yatsina, ba raini, baƙi ne a gidan mutane kuma sun san haka.

A Yukiren ma an yi wata. Wani attajiri ya sauke su a gidansa, aka ci aka sha, can sai ga maigida yana saukowa daga bene, gita a hannu ɗaya, Kalashnikov a ɗayan. Ku je ku kalli idon Ewan a wurin. Ba a koyar da wannan a makarantar wasan kwaikwayo.

A Kazakistan kuwa sunan nasa ne ya zame masa kaya. Hukumomi suka sa 'yan sanda su yi musu rakiya, kowane gari tarba da kiɗa da jawabi. Su kuma abin da suke so su kafa tanti a daji su kwana. Ana ba su gatan, suna neman hanyar zillewa. A can ne kuma wani ƙwaro ya cije shi goshinsa ya kumbura sumtum, ya tsaya gaban kamara a haka. Mutumin da fuskarsa ce jarinsa.

Sai Hanyar Ƙasusuwa. Wannan ba suna ne na talla ba. Hanya ce ta kusan kilomita dubu 2 daga yankin Yakutsk zuwa Magadan, wadda fursunonin sansanonin Stalin suka gina tun daga shekarun 1930. Mutane da yawa sun mutu a aikin, kuma ana cewa a cikin hanyar aka binne su.

Sun iso ta lokacin da ƙanƙara ta narke. Koguna sun cika, gadoji sun karye. Suna tura babur cikin ruwa mai sanyin da ke ƙona fata, injin ya sha ruwa, a kwance fulogi a fitar, a sake. Kogi bayan kogi. Charley ya ji ciwo a kafaɗa. Aka kai inda babur ba zai iya ba ko da waye a kai.

Su wa suka fitar da su? Direbobin manyan motocin Rasha, irin ƙattin nan masu taya shida. Aka loda baburan a baya aka tsallaka. Kuma kafin nan ma, a wani yanki na Saberiya da babu hanya sam, a jirgin ƙasa suka sa baburan.

Na san me za ku ce: "Ka gani! Ashe ba duka suka tuƙa ba!" E, ba duka ba. Kuma wa ya gaya muku? Su. Sun nuna lodin, sun nuna baƙin cikin da ke fuskarsu. Mutum ya ce maka "nan na kasa," kai kuma kana murna wai ka kama maƙaryaci.

Yanzu maganar ɗan acaba. Wannan ita ta fi ba ni haushi.

Yaushe kuka fara tausayin ɗan acaba? Ku da kuke ciniki da shi a kan naira hamsin har jijiyar wuya ta tashi. Ba ku tuna shi sai ranar da kuke neman sandar dukan wani. Babu wanda ya ce Ewan ya fi shi shan wuya, shi kansa bai taɓa faɗa ba. Ɗaya yunwa ce ta ɗora shi a babur, ɗaya sha'awa. Kowa ya san bambancin.

Amma idan dokar ita ce kar a kalli tafiyar kowa sai ta wanda ya fi kowa talauci, to ku daina kallon ƙwallo, don yaron da ke buga ta ba takalmi a layinku ya fi Salah shan rana.

Abin tambaya game da mai gata shi ne me ya yi da gatan. Da yawansu jirgin ruwa na alfarma suke saya su ɓuya. Wannan ya ɗauki nasa ya je inda sunansa ba ya aiki, ya bar a ga gajiyarsa da tsoronsa da ƙazantar jikinsa.

Ku duba abin da ke cika mana waya kullum. Hoto a gaban motar da ba ta mutum ba. Ɗakin otal a Dubai. Faranti da aka ɗauka kafin a ci. Kowa na nuna ya isa, ba mai nuna ya faɗi. A cikin jaruman da kuke bi, na gida da na waje, nawa ne za su yarda a nuna su kwance a laka babur ya danne musu ƙafa? Ku ƙirga, ina jira.

Sai batun UNICEF, don akwai masu cewa wannan ma kwalliya ce. Sun ziyarci yaran da bala'in Chernobyl ya shafa a Yukiren, da wata cibiyar matasa a Kazakistan, da yaran titi a Ulanbato waɗanda ke kwana cikin ramukan bututun ɗumama gari saboda sanyi.

Ni ma ba na son hoton Bature rungume da yaron talaka, yawanci daga hoton ba a ƙara jin komai. Shi ya sa nake duba abin da ya biyo baya. Ewan ya zama jakadan UNICEF na Birtaniya a 2004 kuma ya ci gaba da aikin shekara da shekaru. A 2006 shi da matarsa ta lokacin suka ɗauki riƙon wata yarinya daga Mongoliya, ta girma a gidansa. Mai neman hoto ba ya kai wa nan.

To, so ba makanta ba ne. Akwai inda nake tare da masu suka, kuma shi ne Long Way Down na 2007, wanda suka taso daga John o' Groats a ƙarshen arewacin Sikotilan zuwa Cape Town. Ƙasashe 18 cikin ƙasa da wata uku. Jadawalin ya matse su, kullum ana gudun kar a rasa jirgin ruwa ko ranar biza.

Tunisiya, Libiya, Masar, duk da gudu. Jirgin ruwa daga Aswan zuwa Wadi Halfa a Sudan, sai Habasha, Kenya, Yuganda, Ruwanda, a gangara kudu. Nahiyar da ta fi buƙatar a zauna a saurari mutane, ita aka ratsa ana duba agogo. Su da kansu sun yi ta ƙorafin hakan a cikin shirin. Yammacin Afirka kuwa ko leƙe.

Duk da haka akwai wurare biyu da ba na mantawa. Zamansu da yaran da 'yan tawayen LRA suka taɓa sacewa a arewacin Yuganda, inda bakin Ewan ya mutu. Da kuma Tunisiya, inda ya je wurin da aka ɗauki Star Wars, ya yi ta yawo cikin 'yan yawon buɗe ido ba a gane shi ba, yana yi wa kansa dariya.

Batun fasfo ma gaskiya ne, ba na musu. Mai fasfon Birtaniya yana wuce iyakar da mai koren fasfo zai kwana a kanta. Amma kar wannan ya zama matashin da za mu kwanta a kai. A 2022 Kunle Adeyanju, ɗan Najeriya, ya tuƙo babur daga Landan har Legas cikin kimanin kwana 40 don yaƙi da shan inna, ba tare da motocin rakiya irin nasu ba. Cikin masu zagin Ewan a nan, nawa ne suka bi tafiyarsa? Kun ce na gida kuke so, ga na gida ya zo.

Shi kansa Ewan wani ne ya zaburar da shi: Ted Simon, ɗan jaridar da ya shafe shekara 4 yana zaga duniya a kan Triumph daga 1973, ya rubuta littafin Jupiter's Travels. Sun haɗu da shi a Mongoliya a cikin shirin. Ku ga yadda tauraron duniya ya koma ƙaramin yaro a gaban dattijon da yawancin mutane ba su san sunansa ba.

Wani abin kuma da ba a cika faɗa ba shi ne abotar. Sun haɗu a wajen ɗaukar fim ɗin The Serpent's Kiss na 1997, babur ne ya haɗa hirarsu. Ɗaya ya zama tauraro, ɗaya bai zama ba. A hanya kuwa Charley ne gwanin tuƙi a ƙasa marar kwalta, Ewan ne mai yawan faɗuwa, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Suna faɗa, suna shiru da juna, suna shiryawa.

A 2016 Charley ya yi mummunan hatsari, ƙafafunsa biyu suka karye. Bayan ya miƙe, a 2019 suka sake hawa: Long Way Up, daga Ushuaia a ƙarshen kudancin Ajantina zuwa Los Angeles, a kan Harley-Davidson masu amfani da lantarki. Rabin shirin neman wurin caji ne, suna ƙwanƙwasa gidajen mutane a ba su soket. Idan akwai al'ummar da za ta fahimci wannan tashin hankalin, mu ne 😭

Wannan na ukun ya fi sauran ƙyalli, kuɗin kamfanoni ya fito fili a cikinsa, kuma ban sa shi a layi ɗaya da na farko ba. Sun ƙara wani a 2025, Long Way Home, a kan tsofaffin babura cikin Turai. Mai son ya soki waɗannan, bismillah, akwai abin suka. Na 2004 nake karewa, kuma a kansa ba na ja da baya ko taku ɗaya.

Don haka ga sharaɗina. Ka nemi Long Way Round, ka kalli sashen Mongoliya da na Hanyar Ƙasusuwa, daga farko har ƙarshe, ba guntun minti ɗaya na TikTok ba. Idan ka gama kana nan a kan bakanka, ka zo ka faɗa min wurin da aka yi maka ƙarya, da minti da daƙiƙa, mu yi musu har asuba.

Wanda kuma zai zo da "ai ni ba sai na kalla ba," don Allah kar ka cika min waya da ƙara, ina da caji kashi 9.